Yadda za ka sa kwamfutocin asibiti su ji maganar juna tun kafin a kashe kuɗin banza

Wanga rubutu na 'yan ɗakin kati ne da jami'an M&E (masu bibiya da tantance ayyuka) da samarin da anka ɗora ma kula da kwamfuta a asibitocinmu na Zamfara, da kuma duk ogan da za a kawo ma takardar kwangilar manhajar asibiti a ce ya sa hannu. In kana cikinsu ka san halin da ake ciki. Ɗakin kati na da tasu manhaja, lab na da tasu, sashen masu cuta mai karya garkuwar jiki na aiki da manhajar NMRS ko LAMIS suna tura ma ma'ajiyar ƙasa, masu sa ido kan annoba na kan manhajar SORMAS, ƙarshen wata kuma kowa ya jawo rajista da biro da kalkuleta a cika fom ɗin rahoton wata na NHMIS a kai ƙaramar hukuma a shigar cikin DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya. Mara lafiya guda an rubuta shi wuri biyar, kuma ba wurin da ya san mi ɗayan ya rubuta.

Abin da nike so ka riƙe shi ne sayen manhaja shi ne mataki na ƙarshe. Kafin nan akwai abubuwan da sai mutane sun zauna sun yarda da su, mi ake kiran asibitin ga, wa ne mara lafiyan ga, wace lamba ce ta cutar ga. In ba a yi wannan ba ko daga Jamus anka kawo manhajar haka za ku ci gaba da kwafe da hannu.

Fara da takarda da fensir, ba da kwamfuta ba

Ka samu babbar takarda ka bi mara lafiya guda da ƙafarka tun daga bakin get. Ya yanki kati, an auna shi, ya ga likita, an tura shi lab, ya dawo, ya tahi famasi, ya biya kuɗi ko kuma inshora ta biya mashi, an kwantar ko an sallama. Kowane tebur ya tsaya ka rubuta abu huɗu: wane aiki ake yi nan, wane bayani ake rubutawa, cikin mi ake rubuta shi (rajista, kati, Excel, manhaja), da wace na'ura ke wurin, har da ko akwai soket mai aiki. Waɗanga huɗun su ne ginshiƙan tsarin nan da ake kira TOGAF wanda ƙungiyar Open Group ta fitar tun 1995, aiki, bayanai, manhajoji, na'urori. Littafinsu kauri gare shi kuma akwai masu zuwa kwas su biya dala su karɓo satifiket a kai, to amma kai a asibitin gwamnati na Talata Mafara ko Gummi abin da kake buƙata shi ne zane biyu, yadda abin yake yau da yadda ake so ya koma, sai jerin abin da za a yi tsakaninsu bi da bi.

Ka sa jan biro duk inda ka ga ana sake rubuta abin da an riga an rubuta a tebur na baya. Waɗannan jajayen wuraren su ne aikinka. Za ka yi mamakin yawansu, kuma za ka tarar da rajistar da ba wanda ke karanta ta amma ana cika ta kullum saboda wani shiri da ya ƙare tuntuni ya taɓa kawo ta.

Jerin asibitoci guda ɗaya tak

Wanga ba ya da wahala amma kowa na tsallake shi. Ƙananan hukumomi 14 muke da su, mazaɓu 147, kuma asibitin ƙauye guda sai ka ji shi da suna uku, wani ya ce disfensare, wani ya ce PHC, wani ya kira shi da sunan unguwar da yake. Ma'aikatar lafiya ta tarayya na da rajistar asibitocin ƙasa ta HFR mai ba kowane asibiti lamba, DHIS2 kuma na ba kowane wuri tashi lambar mai harufa da alƙaluma 11, jere daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa zuwa asibiti. Ka yi tebur guda, kowane asibiti layi guda, lambar HFR, lambar DHIS2, sunan hukuma, sunayen da mutane ke kira, da ko yana aiki ko an rufe ko an ɗauke shi zuwa wani gari saboda matsalar tsaro. A sa ma mutum guda alhakin gyara shi. Duk manhajar da za ta shigo daga nan za ta ɗauki sunaye, ba a yarda ɗan kwangila ya buga nashi jerin ba.

Wa ne mara lafiyan?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne manhajojin da anka ƙera don wasu ƙasashe ke faɗuwa in sun zo hannunmu. Su a tunaninsu mutum na da suna guda, sunan dangi guda, ranar haihuwa tabbatacciya. Mu kuwa Hauwa'u ce ta zo awon ciki a Kaura Namoda anka rubuta Hauwa'u, ranar haihuwa uwar miji ta kawo ta Gusau ta ce Kulu, bayan wata shida ta kawo yaro rigakafi ta ce Jummai don ran Juma'a anka haife ta kuma da shi ake kiranta gida. Sunan na biyu wata rana na uba ne wata rana na miji. Ka tambayi wata sunan mijinta ta sunkuyar da kai ta ce "mai gidan", ɗan fari ma ba ta faɗin sunanshi, sai wadda ta rako ta ta faɗa. Abubakar shi ne Garba, Usman shi ne Shehu, A'isha ita ce Indo, Muhammadu kuwa ana rubuta shi Muhammad, Mohammed, Muh'd, Mamman, ya danganta da wanda ke riƙe da biro. Shekaru kuma "za ta kai talatin", sai ma'aikaci ya buga 1 ga Janairu, shi ya sa in ka duba kowace ma'ajiya sai ka ga kamar rabin gari ran sabuwar shekara anka haife su.

To ƙaƙa za a yi?

Na farko, kowane mara lafiya a ba shi lamba guda wadda ba ta ɗauke da ma'ana, kada a cusa shekara ko sunan asibiti ko jinsi cikinta don duk waɗannan na iya canzawa ko a yi kuskure. A ƙara mata alƙalami guda na tantancewa a ƙarshe yadda in an juya 46 ta koma 64 kwamfuta za ta ƙi karɓa. A buga ta kan kati da zanen QR, katin kuma a yi mashi leda don katin kwali ba ya kai damina biyu a ƙasan akwati.

Na biyu, NIN mai alƙaluma 11 a karɓa in akwai amma kada a maishe ta sharaɗi. Jariri ba ya da ita, wanda ya gudo daga ƙauyen Zurmi ko Maradun da dare da kayan jikinshi ba ya da takardar komi. In ka tilasta sai da NIN abin da za ya faru ma'aikata su riƙa buga lambar ƙarya don allon ya wuce, kuma wannan ya fi rashin lambar muni.

Na uku, a bar wurin suna fiye da guda. Tsarin musayar bayanan lafiya na FHIR da za mu zo kanshi ya yarda mutum guda ya ɗauki suna na hukuma da wanda ake kiranshi da laƙabi da tsohon suna, ya ɗauki lambobi da yawa, kuma ya yarda a rubuta shekarar haihuwa kaɗai ba wata ba rana. Ka yi amfani da wannan damar, in ba a san rana ba a bar ta ba a sani ba. Sai a ƙara sunan uwa, ƙauye na asali, mazaɓa, da lambar waya tare da bayanin ta wa ce, don waya guda sau da yawa ta mai gida ce kuma mata uku da ɗiya goma duk ita suke bayarwa.

Kuma don Allah kada a bar kwamfuta ta haɗe fayil biyu da kanta don sunaye sun yi kama. Ta kawo shawara, mutum ya duba ya yarda, kuma a iya warwarewa in an gano kuskure. Fatima Sani nawa ke garin Gusau? In ka haɗa rukunin jinin wata da fayil ɗin wata ran da za a yi ƙarin jini ba gyara.

Ka tuna gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, yara sama da 400 sunka rasu. Maganin ba na rana guda ba ne, ana auna dalmar da ke jinin yaro, in ta kai 45 a ma'aunin maikirogiram cikin desilita a fara ba shi maganin fitar da ita, a sake aunawa, a sake, wata da watanni. Duk amfanin awon yana ga a tabbatar yaron da anka auna wancan watan shi ne wanga na yau. Irin wanga aiki shi ake yi ma lamba guda.

Lambobin cuta da na gwaji da ma'auni

Likita ya rubuta malaria, wani ya rubuta MP, wani zazzaɓi, wani ya ja wani layi da shi kaɗai ya san mi yake nufi. Mutum na ganewa, kwamfuta ba ta ganewa. Don haka kowace cuta a ɗaura mata lambar ICD ta hukumar lafiya ta duniya. A ICD-10 zazzaɓin cizon sauro na falsifarum B50 ne, wanda ba a fayyace ba B54, ƙyanda B05, kwalara A00, sikila D57, sanƙarau irin na meningokokas da ya yi mana ɓarna a 2017 A39.0, gubar dalma T56.0. ICD-11 ta fara aiki tun Janairun 2022, don haka duk manhajar da za ku ɗauka ta iya ajiye lamba tare da sunan tsarin da lambar ta fito, don ranar ƙaura kada a rikice. Ba sai likita ya haddace ba, a ware cututtuka ɗari ko ɗari biyu da kuka fi gani a sa su a sama, yana fara buga harufa uku su fito.

Gwajin lab kuma tsarin lambobinshi LOINC ne, cibiyar Regenstrief ta Amurka ke kula da shi tun 1994 kuma kyauta ne. Awon hemogulobin 718-7, dalma cikin jini 5671-3. Akwai wani tsarin lambobin, SNOMED CT, wanda ya fi zurfi amma yana da batun lasisi da nauyin koyo, ni dai ban ba asibitin da bai gama daidaita ICD ba shawarar ya taɓa shi.

Sai ma'auni, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. In ka je kasuwar hatsi ka ce a ba ka gero goma dole a tambaye ka tiya ko buhu, to haka lamba take a lab, ba ta da ma'ana sai da kwanon awonta. "Jininta 21", PCV ke nan, wato kason jajayen ƙwayoyin jini cikin ɗari, wanda a hemogulobin bai wuce wajen 7 ba. In manhajar can ta ɗauki 21 a matsayin hemogulobin sai ta nuna mace mai jini har ya yi yawa alhali tana buƙatar ƙarin jini yanzu yanzu. Sukari ma haka, wata na'ura na ba da 126 wata na ba da 7 kuma duk abu guda ne, ɗaya mg/dL ɗaya mmol/L, tsakaninsu ninki 18. Doka: ba sakamakon da za ya fita daga wata manhaja zuwa wata ba tare da ma'auninshi ba. Kwanan wata kuma shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03, don 03/04 wani Maris za ya karanta wani Afrilu.

Ambulan ɗin da za a sa saƙon

In an gama waɗancan, zaɓen tsarin saƙo ba ya cin lokaci. HL7 ƙungiya ce da anka kafa 1987, tsohon tsarinta na biyu har gobe shi na'urorin lab da yawa ke magana da shi. Ga kamannin layi guda:

OBX|1|NM|718-7^Hemoglobin^LN||7.2|g/dL

Ka ga komi na nan, sakamako ne, lamba ce, ga lambar LOINC, ga 7.2, ga ma'auni. In kuna sayen sabuwar na'urar lab ku tambaya tana fitar da wanga, kuma a nuna maku kebul ɗin da mashigarshi, ba a ƙasida ba.

Sabon aiki kuwa a yi shi da FHIR, wanda Grahame Grieve ɗan Ostireliya ya faro a 2011. Shi ya yanyanka bayanin lafiya ƙanana ƙanana, Patient na mara lafiya, Encounter na zuwa asibiti, Observation na awo da gwaji, Immunization na rigakafi, Location na wuri, kuma ana tura su ta hanyar da duk yaron da ya iya haɗa manhajar waya ya sani. Ku tsaya kan sigar FHIR ta R4, R5 ta fito 2023 amma yawancin kayan aiki na kan R4. Sai dai ka sani "muna da FHIR" ba ta wadatar ba, don tsarin ya bar abubuwa da yawa a buɗe, sai kun rubuta taku ƙa'ida, wane gurbi ne dole, wace lamba ke shiga ina. Hoton ƙirji da sikanin tsarin ajiye su da tura su DICOM ne, ba hoton da anka ɗauka da waya daga jikin allo anka tura ta WhatsApp ba.

DHIS2 kuma, wadda jami'ar Oslo ta Nowe ke jagorantar ginawa, abin da ke shiga fom ɗin wata jimla ce, yara nawa anka yi ma rigakafi, haihuwa nawa. Burin shi ne manhajar asibiti ta ƙirga da kanta ta tura, amma sai an zauna an daidaita kowane gurbi na fom da ma'anarshi, musamman rabon shekaru, don in fom ya ce ƙasa da shekara biyar manhajarku kuma ta haɗa da mai biyar cif, lissafi ba za ya taɓa daidaita ba. Ku yi wata uku ana yin duka biyun, hannu da na'ura, ana gwadawa, kafin a ajiye kalkuleta.

Kada a haɗa kowa da kowa

Manhaja shida in kowace za ta yi magana da kowace kai tsaye hanya 15 ke nan, ɗaya ta canza abu biyar sun lalace. In akwai dillali guda a tsakiya hanya shida ce. Wanga shi ne tsarin OpenHIE, shimfiɗa guda a tsakiya da duk saƙo ke bi ta cikinta, ta duba wa ya aiko, yana da izini, ta rubuta a littafi, ta miƙa. Gefenta ga rajistar marasa lafiya, ta asibitoci, ta ma'aikata, da ma'ajiyar lambobin cuta. OpenHIM da Jembi ta Afirka ta Kudu ta gina kyauta ce kuma don wanga aiki anka yi ta. Ba aikin asibiti guda ba ne wannan, na matakin jiha ne, ma'aikatar lafiya da hukumar lafiya matakin farko da hukumar asibitoci da hukumar inshorar lafiya ta jiha ZAMCHEMA su zauna tebur guda, amma kai ko a asibitinka kaɗai kana iya hana a yi haɗin gizo-gizo.

Sannan komi ya yi aiki ba netwok. Mu ba sai an ba mu labari ba, Satumbar 2021 anka kashe sabis ɗin waya a jihar nan baki ɗaya makonni, mutane na tahiya har Funtuwa don su buga waya. Manhajar da sai da intanet take buɗe fayil ranar nan ta zama ado. Saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, ta zauna cikin asibiti kan sola da inbata, saƙonni su yi layi, netwok na dawowa su tahi, kuma in saƙo guda ya tahi sau biyu kada ya zama mara lafiya biyu. Kwafin ajiya kullum, ɗaya a wani gini daban, kuma lokaci lokaci a gwada dawo da shi a ga yana buɗewa.

Ranar da ɗan kwangila ya zo

Za ya zo da majigi da hotuna masu kyau. Ka bar shi ya gama sannan ka ce a rubuta waɗanga cikin yarjejeniya: bayanan na asibiti ne ba na kamfani ba, kuna iya fitar da su duka kowane lokaci ba tare da biyan ko kwabo ba, ƙofar FHIR da takardun bayaninta na cikin kuɗin ba ƙari ba ne, kalmar sirri ta babban mai kula na hannun ma'aikacin gwamnati, kuma kashin ƙarshe na kuɗi sai an ci jarrabawa. Na san wani asibiti da kamfani ya tattara ya tahi bayan an samu saɓani kan kuɗi, fayilolin shekaru na cikin kwamfuta a kulle ana kallonta, sai da anka koma kati.

Jarrabawar kuwa gabanka za a yi ta. Ka ƙirƙiri marasa lafiya na ƙarya guda goma masu wahala, mai suna uku, tagwaye Hassana da Husaina masu ranar haihuwa guda da waya guda, jaririn da ba a raɗa ma suna ba tukuna, wanda ba a san shekarunshi ba, suna mai ƙ da ɗ da 'y a ga ko za su fito daidai ko za su koma alamar tambaya. A shigar da su, a zare wayar intanet ana tsakiyar aiki, a mayar, a duba can ɗaya ɓangaren ko sun iso goma cif. Akwai manhajar HAPI FHIR da za ka iya ɗorawa kan laftof ɗinka ka karɓi saƙon da kanka, amma kada ka kuskura ka tura bayanin mutum na gaskiya zuwa sabar gwaji ta intanet, kowa na iya gani.

Batun sirri ba ra'ayi ba ne, doka ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya ba da izini ba, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin masu tsananin sirri, in an samu ɓaraka mai haɗari awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa NDPC. Garuruwanmu kowa ya san kowa, mai yankan kati ƙila maƙwabcin mara lafiya ne ko surukinshi, don haka shi suna da lamba kaɗai za ya gani, ba sakamakon gwaji ba. Kowa da tashi kalmar sirri, a daina manna ta guda jikin allo da salatif, manhaja ta riƙa rubuta wa ya buɗe fayil ɗin wa da ƙarfe nawa, kuma duk wanda anka yi ma canjin wurin aiki ko ya yi ritaya a rufe asusunshi ranar da ya miƙa makulli, inchaji ya sa hannu a kai.